Shekarar da Muka Koyi Rashin Iyawa

A garejin da na koyi gyaran mota, a bakin kwalta a Gazawa, babu ranar da aparanti yake jira kamar ranar yayensa. Aparanti shi ne yaron da ubansa ya kawo ya danƙa wa maigidan gareji amana, ya koyi aiki, ya ci a kwanon gareji, ya kwana a rumfa ko a cikin wata matacciyar mota. Idan shekaru suka tura, maigida ya ga hannun yaro ya nuna, sai a aika wa uban. A zo da goro, a kira liman, a tuƙa tuwo da miyar nama, maigida ya miƙa masa jakar kile, wato ƙarafan kwance noti, a shafa fatiha. Daga ranar ya zama makaniki mai cin gashin kansa. Daga ranar kuma hannunsa ya fita daga kwanon gareji, don wanda aka yaye ba ya cin abincin yara. Wannan na biyun ba wanda ya taɓa damuwa da shi sai da ruwan sama ya ƙi.

Na zo garejin ina ɗan saurayi, daga wani ƙauye a gefen Gangara. Mu manoma ne, ko da yake kakana yakan ce asalinmu masu bin dabbobi ne daga arewa, noma daga baya ya same mu. Ni dai gona ba ta taɓa shiga raina ba. Ranar da na fara leƙa cikin injin mota na ji kamar an nuna mini inda aka binne cibiyata.

Maigidanmu gajere ne mai faɗin kafaɗa, kakanninsa daga wajen Katsina suka hauro. Bai iya yabo ba, kuma bai ga dalilin da zai koya ba. Koyarwarsa kunne ce da hanci. Idan an kawo mota, ba ya barin ka taɓa ƙarfe sai ka tsaya ka saurari kukanta, ka shinshina hayaƙinta, ka murza baƙin manta a yatsa. In ka yi garajen ɗaukar kile kafin haka, keyarka ce za ta gaya maka. Na sha marin nan har na daina ƙirgawa. Amma na iya aiki, kuma na san na iya. Ina da ɗagawa tun ina yaro, ba na jure a yi abu a gabana ba daidai ba, kuma ina son in an gama a ce ni ne. Sauran yaran suna ce mini Ƙaramin Maigida, ba don ƙauna ba.

Damanar farko ta yi rabi ta tsaya, gero ya ɗauki ciki ya bushe a tsaye. Ta biyu ma ba ta kai nan ba. Hadari zai haɗo baƙi ƙirin daga gabas, mata su fito da ƙorai, sai iska ta taso ta baje shi. Mu da ke bakin hanya, a jikin motoci muka fara karanta abin da ke tafe. Motar da ake ce wa bashe, mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓe wa tamfal, da gyaɗa da wake da fatake muka saba ganinta. Sai ta koma ɗaukar fatu, tuli guda, suna wari, don dabbobi suna ta faɗuwa a daji. Bayan fatun sai mutane, da tabarminsu da turamensu, wani har da ƙyauren ɗakinsa. Daga arewa da yamma suke zuwa, kuma ba mu ganin komawarsu. Ana cikin haka aka rufe iyaka, kayan gyaran da ke shigo mana daga kudu suka yanke. Aiki bai ragu ba, sai dai masu kawo shi yawanci addu'a ce kaɗai a hannunsu.

Kwanon gareji daga gidan maigida yake fitowa, da rana, kuma ni ne mai ɗauko shi. Saboda haka ni na fi kowa sanin nauyinsa. Da tuwon gero ne, sai na sa hannu biyu. Ya koma jar dawar nan ta taimako mai sa ciwon ciki. Ya koma garin rogo da aka jiƙa aka barbaɗa gishiri. Wata rana ina tsaye a zaure ina jira, na ji matar maigida tana kankare tukunya, ta daɗe tana kankarewa, kuma da kwanon ya fito na ɗauke shi da hannu ɗaya.

A cikin wannan hali ne babana ya zo, a ƙasa, daga ƙauye. Ban gane shi da wuri ba, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaisa da maigida, ya ƙi zama, ya ja ni bayan rumfa.

Ya ce, "Ka ga yadda gari ya koma. Rumbu babu ko tsaba, uwarka anza take jiƙa ma ƙannenka."

Anza 'ya'yan wani itacen daji ne masu ɗacin tsiya, sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Na ce ko in komo in taimaka. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ka taimaka da mi? Da bakinka? Ka zamna nan. Ko bugunka shike yi sahe da marece, ka zamna. Kada in ga ƙahwarka gida sai an yi ruwa."

Bai jira kwanon rana ba, ko da yake maigida ya yi ta roƙonsa. Na raka shi har inda kwalta ta rabu da turba, ya ce in koma bakin aikina. Tun daga ranar na san ba ni da wurin zuwa in ban da rumfar nan.

Ba a daɗe ba maigida ya yaye babban cikinmu. Ba wanda ya ga wani abu a ciki, don ya kai, har ya wuce lokacinsa. Abin da kawai muka lura, ba a aika wa ubansa ba, ba goro, ba tuwo. Wani dattijo mai sayar da igiya a gefenmu aka kira ya yi addu'a, aka ba shi kile 'yan kaɗan a tsumma. Muka yi masa barka, muka tsokane shi cewa ya tuna da mu in ya buɗe nasa garejin. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya bi hanyar tasha.

Na biyu wani yaro ne ɗan Cadakori, siriri, mai yawan fara'a, wanda ya zo bayana da nisa. Wata safiya ya ɗaure wa wata mota birki. Maigida ya shiga ya taka, ya sake takawa, ya fito yana share hannu.

"Wa ya ɗaure birkin ga?"

"Ni ne, Maigida."

"Ya yi. Hannunka ya nuna."

Yaron nan ya wuni bakinsa bai rufu ba. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, don ni ban taɓa samun kalmar nan daga bakin maigida ba, sai ga ta an ba wa wanda ni na koya masa riƙe kile. Kafin wata ya mutu aka kira mai igiya, aka yi fatiha, ɗan Cadakori ya tafi da tsummansa. Ko buɗe inji shi kaɗai bai taɓa yi ba.

Akwai wani a cikinmu da muke kira Dogo, mutumin Agiye, ba ya yawan magana amma idonsa ba ya barci. Muna wanke noti a cikin gwangwanin esansi, wato fetur, ya ce da ni, ƙasa-ƙasa, "Ƙaramin Maigida, ka lura kuwa? Duk wanda Maigida ya ce ma ya yi, ba shi ƙara daɗewa nan. Ba yaye ba ne wanga, rage baki ne."

Na san gaskiya ya faɗa. Maigida ba zai iya korar yaron da aka ba shi amana ba, abin kunya ne da zai bi shi har kabari. Amma yaye ba kora ba ce, girmamawa ce, ba uban da zai yi ƙorafi don an ce ɗansa ya ƙware. Ita ce kaɗai ƙofar da zai iya fitar da mu ta cikinta kansa a ɗage.

Daga nan muka shiga koyon rashin iyawa, kuma wallahi ya fi koyon aiki wuya. In maigida ya ce a miƙo kile babba, ka miƙa ƙarama. Ka saki noti ya faɗa cikin rairayi, ka wuni kana tono. Dogo ya ƙware wajen juya wayoyin buji, wato filogin da ke ba inji wuta, mota ta yi ta tari tana harbi, shi kuma ya tsaya yana sosa kai kamar yau ya fara ganin inji. Ƙaraminmu, wani ɗan marayan da ke kwana a cikin tsohuwar mota, shi bai sha wahala ba, don da ma bai iya komai ba. Muna tsokanarsa cewa shi ne gwaninmu, ya koya mana sirrin. Ni na fi kowa shan azaba. Hannuna zai kai wurin da ciwon yake da kansa, sai in janye shi in kai wani wuri. In na kwanta ina jin kunyar kaina, in na tuna fuskar babana in ce gobe ma haka zan yi. Mari ya zama abin nema. Ranar da maigida ya kai mini ɗaya a keya, ya ce mini jaki, ranar nake cin garin rogona hankali kwance.

Abin da ya fara ba mu tsoro shi ne da ya daina dukanmu. Za ka yi shirmen da ya isa a karya maka haƙarƙari, sai ya dube ka kawai, ya daɗe yana dubanka, ya karɓi ƙarfen ya yi aikin da kansa. Shi ma ya rame, wuyan rigarsa ya saki, in ya ɗaure noti sai ya tsaya ya huta.

Wata ranar kasuwa na bi shi neman tsohuwar taya. A layin da mutanen ƙauye ke shimfiɗa abin da ya rage musu, tsakanin wata fartanya da ƙoran aure, na hangi kile guda biyu a kan buhu. Duk ƙarfen maigida yana da shaida, yakan goga masa zane uku da zarto a wutsiya. Waɗannan suna da ita. Na gane su, waɗanda aka ba ɗan Cadakori ne. Mai shimfiɗar wani baƙo ne, ya ce shi ma a hannun wani ya same su, bai san inda mai su ya nufa ba. Maigida ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ajiye ta daidai inda take. Muka dawo gareji ba mu sayi tayar ba.

Saura mu uku, ni da Dogo da maraya, kwanon kuwa ko biyu ba ya isa.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafin da ke sa ƙarfe ya ƙi taɓuwa. Zazzaɓi ya kwantar da maigida, yana kan tabarma a gindin bedi, wato itacen darbejiya, ya rufe fuska da rawani. Wajen hantsi wasu maza suka turo wata bashe har bakin rumfa, cike da mata da yara da ƙullin kaya. Daga wajen Gidan Runji suka taso, za su gangara kudu ta hanyar daji inda suke da dangi. Aka sauke su suka jeru a inuwar katanga. Yaran suna da yawa, amma ko ɗaya ba ya kuka, idanu kawai suke bin mu da su, kuma wannan shirun ya dame ni fiye da kuka.

Shofer, wato direban motar, ya durƙusa gaban tabarma ya ce, "Maigida, tun Agiye take shaƙewa. In ta tashi ta yi 'yat tahiya, sai ta mutu. Ka taimake ni don Allah."

Maigida bai ɗaga rawanin ba. Ya ce, "Ka gan ni nan, ko zama ban iyawa. Ga yara can. Bana jakai Allah ya haɗa ni da su, amma gwada sa'arka."

Dogo ya buɗe gaban motar ya shiga wasan da muka saba. Ya kwance karbirato, inda mai da iska ke haɗuwa, ya hura, ya mayar, ya sake kwancewa. Ya ciro buji ya goge. Ni ina riƙe da tsumma da kwanon noti, ina yin fuskar wanda bai san gabas ba. Don dai a ga yana wani abu, Dogo ya zaro sandar duba baƙin mai ya share a tsumman hannuna. Ko kai hanci ban yi ba na ji warin esansi a cikin man. Wannan abu ɗaya yake nufi. Famfon da ke tura esansi zuwa inji yana da 'yar fatar roba a ciki, in ta yage sai esansin ya riƙa zurarewa ƙasa cikin baƙin mai maimakon ya hau. Na ɗago, Dogo ma ya ji warin. Muka haɗa ido, ya ɗan girgiza mini kai, ya koma kan karbiratonsa.

Rana ta take tsaka, inuwar katanga ta tsuke har ƙafafun mutanen suka fito rana. Shofer ya yi ta murza makulli har batir ya fara nishi. Sai wata tsohuwa daga cikin matan ta miƙe, ta goya wani yaro da ya wuce goyo, ta ce wa shofer, "Ɗana, sauko mani da ƙullina."

"Inna, ina za ki da ranar ga?"

"Inda munka nuhwa. Ruwan goranmu ya ƙare, gara mu kama hanya tun ƙahwa na ɗaukarmu."

Wasu matan suka fara miƙewa su ma. Shofer ya jefar da hularsa ƙasa, ya juyo kanmu ya ce, "An ce mani tsakanin Maraɗi da Tasawa babu gareji irin wanga. Ashe 'yan wasa ne anka tara."

Zan so in ce tsohuwar nan ce kaɗai ta motsa ni. Ta motsa ni da na ga ƙafafun yaron suna lilo a bayanta. Amma maganar shofer ce ta ƙarasa ni. Wani baƙo ya tsaya a garejinmu ya ce mana 'yan wasa, ga ciwon mota a tsumman hannuna. Jinina ya hau. Ban san lokacin da na ajiye kwanon noti ba. Na ture Dogo da kafaɗa, na ji ya ce, "Kai, tuna babanka," amma kile ta riga ta kama noti.

Na ciro famfon na buɗe, ga fatar a yage. Sabuwa babu ita a duk Gazawa tun da aka rufe iyaka. Amma maigida ya taɓa nuna mana yadda ake yanka madadinta daga jemammiyar fatar akuya, ita kuwa a shekarar nan har ta yi yawa. Na ɗora yagaggiyar a kai na zana, na yanka da reza, na huda ramukan da ƙusa, na jiƙa ta da mai har ta yi laushi. Wata da watanni ina riƙe hannuna, ranar na sake shi, yana gudu kamar akuyar da aka kwance. Na mayar, na ɗaure, na ce wa mazan su tura don batir ya gaji. Motar ta yi tari, ta kama, kukanta ya daidaita, ya tsaya a wuri ɗaya ba rawa. Na gaya wa shofer ya juye baƙin man nan da zarar ya samu wani, kuma fatar ba ta shekara ba ce. Ya riƙe hannuna biyu yana ta zuba addu'a. Tsohuwar ta hau ba ta dubi kowa ba.

Daɗin da na ji a lokacin nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma bai kai motar ta ɓace ba ya gushe. Dogo yana tattara ƙarafa bai dube ni ba. Na juya wajen bedi a hankali, ina fatan barci ya ɗauke maigida.

Daga ƙarƙashin rawanin ya ce, "Wa ya yanka hwatar?"

Na jira Dogo ya ce tare muka yi, bai ce ba.

"Ni ne, Maigida."

"Ya yi."

Na je na durƙusa gaban tabarmar, ɗagawar nan tawa duk ta zube. Na ce, "Maigida, sa'a ce kawai. Wallahi ban iya komi ba, jiya ma ka ga na ɓata zaren noti. Babana ya ce kada in komo gida."

Ya janye rawanin. Idanunsa sun yi ja, na zazzaɓi ne ko na wani abu ban sani ba. Ya ce, "Ɗan Gangara, tun bara na san ka iya. Ni na koya maku aiki, kuna tsammanin ban san ɓarnar gangan ba? Na yi kamar ban gani ba, don muddin ban gani ba babu abin da za ni ce. Yau ka yi shi gaban jama'a." Ya yi tari, ya huta. "Wanda ya iya, in ya hita, shina samun abin sa ma baki ko a tasha. Marayan can in ya hita mutuwa za shi yi."

Na ce, "Dogo hwa? Shi ma ya ji warin."

"Na sani. Amma kai ka ɗauki kile."

Washegari da hantsi aka kira mai igiya. Maigida ya daure ya zauna, ya jingina da bedi. Ya ba ni kile mafi kyau a cikin nasa, da abin kwance sukuru, ya naɗe su da kansa. Ya ce ya yafe mini duk abin da na yi masa, ni ma in yafe masa. Na ce na yafe. Shekaru ina mafarkin ranar nan, ina ganin babana da sabuwar riga yana raba goro, sai ga ta ta zo ina jin tsoro kamar wanda za a kai gaban jandarma. Muka shafa fatiha mu biyar.

Ban tafi nan take ba, na yi ta ɗaure ƙullin kayana ina kwancewa. Har lokacin kwano ya yi. Maraya aka aika ya ɗauko, ya ajiye a tsakiyar rumfa inda muke zama kullum. Shi da Dogo suka tsuguna, wurina yana nan a buɗe tsakaninsu. Tun jiya da rana ban sa komai a cikina ba, ƙafata ta fara tafiya wurin da kanta.

Sai maigida ya ɗago ya dube ni, ya yi mini irin tayin da ake yi wa babban mutum in ya iske ana cin abinci. Ya ce, "Malam makaniki, bismilla."

Na san amsar da ake bayarwa, kowa a rumfar ya san ta. Na tsaya inda nake, na rataya ƙullina.

Na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi. A ci lahiya."